Sun Ce Sun Zuba Jari a Kamfanoni 40: Yaya Zan Gane Gaskiyar Tarihinsu?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni da abokaina biyu, dukanmu mun gama ABU, mun ƙirƙiri wata manhaja da ke haɗa 'yan kasuwar hatsi da direbobin manyan motocin da ke komawa babu kaya. Shekararmu ɗaya da rabi muna aiki daga wani ɗaki a Samaru, kuma akwai 'yan kasuwa a Giwa da Saminaka da ke amfani da ita. Wani kamfanin masu zuba jari daga Legas ya ce zai ba mu dala 100,000 ya karɓi kashi 15 cikin 100 na kamfaninmu. Sun turo mana takarda cike da tambarin kamfanoni 40 da suka ce sun zuba wa jari, biyu daga ciki sanannu ne ƙwarai. Abokaina sun ce wannan kaɗai ya isa shaida. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya ake gane ko tarihin irin waɗannan mutane na kirki ne?"

Wani mai karatu daga Samaru, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a aikin, domin motar da ta sauke taki ta koma fanko asara ce da kowa a harkar hatsi ya sani, kuma kun kama matsala ta gaske.

Tambayarka guda biyu ce cikin riga ɗaya. Ta farko: shin mutanen nan sun iya zaɓe, har kuɗin da suka zuba ya dawo da riba? Ta biyu, wadda ta fi shafarka: in ka shigo da su cikin kamfaninka, wane irin zama za ku yi, musamman ranar da abubuwa suka caɓe? Takardar tambarin nan ba ta amsa ko ɗaya daga ciki. Na faɗi haka ne domin na yi shekaru ina aikin tantance sababbin kamfanoni a wani asusun zuba jari a Abuja, kuma da hannuna na taɓa haɗa irin wannan takarda. Na san yadda ake yi. Wanda ya yi suna a sa shi a layin sama, a ƙara wa tambarinsa girma. Wanda ya mutu a cire shi shiru, kamar ba a taɓa saninsa ba.

Kuɗin ba nasu ba ne

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin jarin kasada, wato waɗanda 'yan harkar ke kira VC, galibi ba da kuɗin aljihunsa yake aiki ba. Tarawa yake yi daga wasu: asusun fansho, manyan attajirai, jami'o'in Amurka masu dukiyar waƙafi, sannan a Afirka akwai hukumomin raya ƙasa irin su IFC ta Bankin Duniya. Ya haɗa kuɗin cikin asusu guda mai wa'adi, yawanci shekara 10. A shekarun farko ana zubawa, a na ƙarshe ana neman hanyar sayar da hannun jarin a mayar wa masu uwar kuɗi abinsu. Ladan manajojin da aka saba da shi kashi 2 cikin 100 na asusun ne kowace shekara don gudanar da ofis, da kuma kashi 20 na ribar da aka samu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zauren cikin birni ya karanci babin ƙiradi, wanda wasu ke kira mudaraba, zai ga kamar ya san abin: mai dukiya daban, mai juya ta daban, riba a raba.

Wannan tsari shi ke juya halayensu. A ce asusu na dala miliyan 20 ne. Kusan miliyan 4 za su tafi a kuɗin gudanarwa cikin shekara 10, miliyan 16 su shiga kamfanoni kamar 30. Tun ranar farko manajan ya san yawancinsu ba za su dawo da ko uwar kuɗin ba. Fatansa ɗaya ko biyu su yi girman da zai biya asarar sauran har ya bar riba. Haka abin yake tun fil azal. A 1957 kamfanin ARDC na Georges Doriot ya zuba dala 70,000 a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta mai suna Digital Equipment Corporation, wannan jari guda ya zama kusan shi ne dukan labarin ARDC. Accel ta sa dala miliyan 12.7 a Facebook a 2005. Sequoia, wadda Don Valentine ya kafa a 1972, ta zuba kimanin dala miliyan 60 a WhatsApp, da Facebook ta sanar da sayensa kan dala biliyan 19 a 2014 sai rabonta ya kai wajen biliyan 3.

Saboda haka in ka ga 25 daga cikin 40 ɗin nan sun mutu, kada ka ce shi ke nan an gano su. Sana'ar ce haka. Sequoia ɗin da na ambata ta sanar a Nuwamba 2022 cewa ta lissafa jarinta na sama da dala miliyan 200 a kamfanin FTX a matsayin sifiri. Kamfanin Bessemer har shafi yake da shi a intanet inda ya jera kamfanonin da ya samu damar zuba wa jari ya bari suka wuce shi, a ciki akwai Apple da Google da eBay. Ni irin wannan ya fi burge ni, domin mai iya nuna maka kurakuransa ya fi mai ɓoye su sauƙin zama.

Cinikin biri a sama

Yanzu ga inda aka fi yaudarar mutane. In manajan asusu ya ce maka "jarinmu ya ninka sau huɗu", ka tambaye shi: a takarda ko a hannu?

Ga yadda ribar takarda take. Sun sayi hannun jari lokacin da aka ƙiyasta kamfani dala miliyan 2. Bayan shekara biyu wani ya zo ya sayi ɗan yanki kan ƙimar miliyan 20. Sai su rubuta a littafinsu cewa jarinsu ya ninka. Alhali ko sisi bai shigo ba. Kamar mai buhun masara ne a rumbu da ya ji an sayar da tiya ɗaya da tsada a kasuwar Giwa ranar Alhamis, ya koma gida ya lissafa dukan rumbunsa da wannan farashi, har ya fara cin bashi a kai. Kafin ya buɗe rumbun farashi na iya faɗuwa, ƙwari na iya shiga. 'Yan harkar suna da ma'auni biyu. Ɗaya suna ce masa TVPI, ya haɗa abin da aka riga aka mayar da abin da ake zaton ragowar za ta yi. Ɗayan DPI, shi kuɗin da ya koma hannun masu uwar kuɗi kawai yake ƙirgawa. In DPI ya kai 1, an mayar da uwar kuɗi ke nan. Asusun da ya shekara takwas ko tara yana ta alfahari da na farko amma na biyun bai kai rabi ba, akwai magana.

Wannan ya ƙara nauyi saboda abin da ya faru a 2020 da 2021. Kuɗin ruwa a Amurka ya sauko kusan sifiri, dala ta yi ambaliya tana neman wurin kwana, har ta iso Legas da Nairobi. A 2021 SoftBank ta jagoranci zuba dala miliyan 200 a Andela kan ƙimar biliyan 1.5. A Fabrairu 2022 aka ƙiyasta Flutterwave sama da biliyan 3. A irin wannan lokaci kusan duk wanda ya zuba jari a ko'ina ya ga littafinsa ya kumbura. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, ambaliyar ta janye. Kamfanin 54gene, mai binciken ƙwayoyin halitta, wanda aka kafa a 2019 ya kuma tara kimanin dala miliyan 45, ya rufe a 2023. Kafin nan tambarinsa abin ado ne a takardun masu zuba jari.

Sai kuma naira. Asusun da dala ya karɓo kuɗi, da dala zai biya. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. A ce kamfani yana cinikin naira miliyan 100 a shekara, ya dage ya ninka zuwa miliyan 200. A idonka ya yi ƙoƙari. A lissafin dala kuwa ya sauko daga kusan 217,000 zuwa kusan 133,000. Na kawo wannan ne don ka yi musu adalci ta ɓangare ɗaya, ka kuma san irin matsin da za su ɗora maka ta ɗaya ɓangaren, tunda kai da naira 'yan kasuwar Giwa za su biya ka.

In ana maganar fita, wato a sayar da kamfani masu jari su karɓi kuɗinsu, wadda ta fi zama abin misali a Najeriya ita ce ta Paystack, kamfanin manhajar biyan kuɗi. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015, ya shiga Y Combinator, cibiyar Amurka mai rainon sababbin kamfanoni da zuba musu jari, a 2016, kamfanin Najeriya na farko da ya shiga, sannan Stripe ta saye shi a Oktoba 2020 kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Waɗanda suka shiga da wuri kuɗi suka karɓa a hannu. Irin wannan fita ba ta da yawa a nahiyar nan, shi ya sa asusun da aka kafa shekara uku ko huɗu da suka wuce, a gaskiya, bai da tarihi tukuna, komai kyan takardarsa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, a wannan sana'a arba'in ɗin shekara goma ce.

Sanannun nan biyu

Abokanka sun ga manyan sunaye biyu sun gamsu. Ka tambaya game da kowannensu: yaushe kuka shiga, nawa kuka sa, wa ya jagoranci cinikin? Wanda ya sa dala 50,000 lokacin da kamfani yake mutum uku a ɗaki ɗaya kamar ku, ya nuna yana da ido. Wanda ya samu gurbin dala 10,000 a zagaye na uku na tara jari, bayan kowa ya riga ya san kamfanin, sa'ar sanin mutane ya nuna. Dukansu tambari ɗaya za su manna, girma ɗaya. Wani lokaci ma ba asusun ne ya zuba ba, ɗaya daga manajojin ne ya sa kuɗin kansa tun kafin a kafa kamfanin nasu, ko kuma ya yi cinikin yana ma'aikaci a wani wuri.

Kuma ido na mutum ne, ba na ofis ba. Cinikin WhatsApp a Sequoia Jim Goetz ne ya bi shi. In mutumin da ya gano sanannun nan biyu ya bar kamfanin da ke nemanku, to abin da ya rage sunansa ne a bango. Ka nemi sanin wanda zai riƙe al'amarinku, shi ne za ka kira ranar da banki ya toshe asusunku, tarihinsa shi ne naka.

Inda ni nake fara dubawa

Masu uwar kuɗi su ne DPI ya fi dama. Kai da za a zuba wa kuɗi, abin da ya fi maka amfani yana wurin kamfanonin da aka cire daga takardar. Ka ce su ba ka cikakken jerin duk inda suka sa kuɗi, da shekara, har waɗanda suka rufe. Sannan ka zaɓi uku da kanka, kada ka bari su zaɓa maka, kuma biyu daga ciki su kasance waɗanda ba su yi nasara ba. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Na taɓa zama da wata ƙanwarmu mai manhajar sayar da magunguna, a wani shagon buga takardu kusa da babbar ƙofar jami'a, an ɗauke wuta, janareta na ta ƙara. Muka buga jerin da wani kamfani ya turo mata, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya da jan biro, muna buɗe shafin kowanne a wayarta. Da dama ba sa buɗuwa. Hakan bai dame ni ba. Muka samo lambar wani daga cikin waɗanda suka rufe, ta kira shi a gabana ta sa a lasifika. Da ta ambaci sunan kamfanin sai ya yi shiru, ya yi wata 'yar dariya, ya ce sun sa hannu a takardar sharuɗɗa, ya ɗauki ma'aikata biyu bisa wannan alkawari, ya jira wata huɗu, rabin kuɗin ya zo, sauran har yau. Ashe asusun bai gama tara kuɗinsa ba, alkawari suke rabawa suna amfani da sunayen waɗanda suka amsa don jawo masu uwar kuɗi. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ba mu ƙara maganar ba.

Saboda haka ka tambaye su kai tsaye: wannan asusu yaushe aka rufe tara kuɗinsa, nawa ne, nawa ya rage, kuma wane kamfani kuka tura wa kuɗi na ƙarshe, a wane wata? Masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambaya, wasu ma sanarwa suke yi a fili, kamar yadda Ventures Platform ta Kola Aina, wadda ta fara daga Abuja a 2016, ta sanar da rufe asusun dala miliyan 46 a ƙarshen 2022. Shekarun asusun ma suna da muhimmanci. In ya shekara bakwai, saura uku a nemi kuɗi a hannu, za su matsa maka ka sayar tun kamfanin bai nuna ba.

Waɗanda ka kira kuwa, ka tambaye su abubuwan da ba a rubutawa. Kwana nawa tsakanin sa hannu da shigowar kuɗi? Sun ƙara kuɗi a zagaye na biyu ko sun zame? Sun taɓa haɗa ka da wani mai saye ko wani mai jari da ya zama ciniki na gaske? Da abubuwa suka lalace, sun ɗaga waya? Sun taimaka an rufe kamfanin cikin mutunci an biya ma'aikata, ko lauya suka turo? A ƙarshe ka ce masa: in ka sake kafa wani kamfani gobe, za ka karɓi kuɗinsu? Ka saurari tsawon shirun da zai yi kafin ya amsa.

Tarihi kuma yana cikin sharuɗɗa

Dala 100,000 kan kashi 15 na nufin sun ƙiyasta kamfaninku kusan dala 667,000 bayan kuɗin ya shiga. Don kwatance, Y Combinator tun 2022 tana ba da dala 125,000 kan kashi 7, da ƙarin 375,000 da ake lissafa rabonsa a zagaye na gaba. Ba na cewa dole ku samu haka, shigarta ba wasa ba ce, amma ku san inda kasuwa take. Kashi 15 a matakinku bai fita hankali ba, in dai sauran sharuɗɗan masu tsabta ne.

Wanda na fi so ka buɗe ido a kansa shi ne na wanda zai fara ɗiba in an sayar da kamfani. Abin da aka saba, mai jari ya zaɓi ɗaya: ko ya karɓi uwar kuɗinsa, ko kasonsa, duk wanda ya fi yawa. Wasu kuwa sukan rubuta ninki biyu. A ce an sayi kamfaninku dala 250,000. Da sharaɗin da aka saba ya ɗauki 100,000, ku uku ku raba 150,000. Da na ninki biyu ya ɗauki 200,000, ku raba 50,000, alhali a takarda ku ne masu kashi 85. Ka tambayi waɗanda ka kira ko irin wannan aka ba su. Kamfanin da ya saba rubuta sharuɗɗa masu tsauri ga yaran da ba su da lauya, wannan ma tarihinsa ne.

A nan dole in ja birki. Ni ba lauya ba ne, ba kuma malami ba. Ku nemi lauyan da ya taɓa duba irin wannan yarjejeniya, ba kowane lauya ba, ko da kuɗinsa zai yi muku zafi. Akwai yiwuwar su ce sai kun yi wa kamfanin rajista a jihar Delaware ta Amurka ya mallaki wanda kuka yi wa rajista a CAC. An saba yin haka, amma yana da kuɗin kula da haraji na shekara-shekara da ya kamata ku sani tun yanzu. In kuma takardar ta zo a matsayin bashin da zai rikiɗe ya zama hannun jari, galibi akwai kuɗin ruwa a rubuce a ciki, sannan sharaɗin fifita mai jari wajen ɗiba shi ma abin tambaya ne a fiƙihu. Zariya ba ta rasa malaman da suka san mu'amala ba, ku kai musu takardar kanta, kada ku kai musu labarinta.

Ko da tarihin ya fito fes, akwai abin da ba zai gaya maka ba. Kamfanin da ya yi sa'a da manhajojin biyan kuɗi a Legas ba lallai ya fahimci harkar da kakarta take zuwa sau ɗaya a shekara ba, inda ciniki ke tashi daga Oktoba zuwa Janairu ya kwanta da damina, inda dillali da shugaban 'yan kamasho a tasha suka fi kowace talla tasiri, inda Alhaji zai ba da kayan miliyoyi bisa amana amma ba zai taɓa danna waya ya cike fom ba. In a cikin 40 ɗin babu ko ɗaya da ya shafi noma ko sufuri ko arewa, za su auna ku da mudun da ba naku ba, watan Yuli ya zo ciniki ya ragu su ɗauka kun gaza. Ka gayyace su su zo Giwa ranar kasuwa. Wanda ya hau jirgin ƙasa zuwa Rigasa ya ƙarasa da mota ya tsaya cikin ƙurar lodin buhuna, ka san da gaske yake.

Ka kuma tuna jarin kasada ba shi kaɗai ne hanya ba. Shi yana neman kamfanin da zai ninka sau hamsin ko ya mutu a hanya. In abin da kuke ginawa kasuwanci ne mai riba da zai girma a hankali, manyan 'yan kasuwa biyu ko uku daga cikin masu amfani da manhajar za su iya haɗa muku jari a kan musharaka, da naira, ba tare da agogon shekara 10 a kanku ba. Ku leƙa CoLab a Kaduna ma, cibiyar masu fasahar zamani da Sanusi Ismaila ya buɗe a 2016, za ku tarar da waɗanda suka riga ku zama da masu jari, wataƙila har da mutanen da ke nemanku.

Ban ga takardunsu ba, don haka ba zan ce ku karɓa ko ku ƙi ba. Abin da zan yi in ni ne kai: a makon nan in rubuta musu saƙo cikin ladabi in nemi cikakken jerin da shekaru, da girman asusun da ranar rufe shi, da sunan wanda zai riƙe mu. Kafin amsa ta zo in duba ko suna da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari, ko ta ƙasar da asusun yake. In sun ce tayin zai ƙare nan da kwana uku, in ce musu ina buƙatar mako biyu, in ga yadda za su yi. Abokanka kuma kada ka yi musu gardama a kan tambarin, ka sa su zauna kusa da kai ranar da za ka yi kiran nan uku, ka sa wayar a lasifika.